Ra'ayinmu: Ladubban Zuba Giya da Matsayin Hannun da Ya Miƙa Kofi

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, a 'yan watannin nan wata tambaya ta yawaita zuwa mana daga matasanmu waɗanda neman abinci ya kai su aiki a manyan otal-otal da gidajen cin abinci na Abuja da Legas da Yamai da Akra, har ma da waɗanda suka tsallaka Turai. Lafazinsu ya bambanta, amma damuwarsu guda ce. Kowannensu yana cewa bai taɓa kai giya bakinsa ba, ba shi kuma da niyyar yi, yana sallarsa yana azuminsa, sai dai aikin da ya samu bayan shekaru yana yawo da takardu ya ƙunshi ɗauko kwalba daga firji, da buɗe ta, da zuba wa baƙo a tambulan. Shin yana da laifi, alhali umarni aka ba shi, kuma mai shan ma galibi ba Musulmi ba ne?

Ɗaya daga cikinsu ya haɗo mana da takardar darasin da aka raba musu a wajen horo, mai ɗauke da abin da aka kira ladubban zuba giya. Mun karanta ta a tsanake. An ce tambulan ya zama wankakke mai sanyi, a riƙe shi daga gindi, kada yatsa ya taɓa bakinsa. A nuna wa baƙo kwalbar ya ga sunanta kafin a buɗe. A zo masa ta hannun damansa. A karkata tambulan digiri 45, a zuba ta jikinsa a hankali, in ya kusa cika a miƙar da shi domin kumfa ta tashi kamar kaurin yatsu biyu. A fara da mata, a ƙare da wanda ya gayyato mutanen. Sannan sai ga layi na ƙarshe: idan abin da ke cikin tambulan ya rage kashi ɗaya cikin uku, kada ma'aikaci ya jira a kira shi, ya matso da fara'a ya tambaya ko a ƙaro wata. Duk wanda ya karanta takardar zai ga tsafta da tsari da girmama baƙo, ba mu musun haka. Amma wannan layi na ƙarshe shi ne ya tona inda sauran suka dosa, kuma a kansa muke so mu tsaya a wannan wata.

Waɗannan ladubba ba a otal-otal ɗinmu aka ƙirƙire su ba. An ɗauko su ne daga ƙasashen da giya ta zama wani ɓangare na rayuwarsu, don haka adalci shi ne mu je can mu ga yadda suke aiki a wurin masu su.

A ƙasar Jamus, inda tun shekarar 1516 mahukuntan yankin Bavariya suka kafa dokar da ta ƙayyade abubuwan da za a dafa giya da su, akwai bikin shekara-shekara na birnin Miyunik da ake kira Oktoberfest, wanda aka fara a 1810. Mutane kimanin miliyan 6 ke halartar sa cikin mako biyu da 'yan kwanaki, sukan kuma shanye lita miliyan 6 zuwa 7. Ba a fara sha sai magajin gari da kansa ya huda ganga ta farko da tsakar rana, ya miƙa kofin farko ga shugaban gwamnatin jihar. Kofin da aka saba zubawa a manyan rumfunan bikin lita guda cur yake ci, kuma abin alfahari ne a ga ma'aikaciya ta rungumo goma ko fiye a tafiya ɗaya. A birnin Kolon kuwa, na ƙasar dai, dabarar ta sauya. Kofinsu siriri ne, kashi ɗaya cikin biyar na lita yake ci, amma ma'aikaci yana zagayawa da tire cike, da zarar ya ga kofin mutum ya ƙare sai ya ajiye masa wani ba tare da tambaya ba, ya ja layi da fensir a kan ɗan faifan kwalin da ake ɗora kofi a kai. Wanda yake son a daina kawo masa, sai ya ɗauki wannan faifai ya rufe bakin kofinsa. Wato a wannan tsari ci gaba da sha shi ne asali, dainawa ce ke bukatar mutum ya motsa.

A Ingila al'adar ita ce karo-karo. Idan abokai suka zauna a mashaya, ɗaya zai tashi ya saya wa kowa, in an shanye na biyu ya tashi, haka har a zagayo. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin juyi ya zo kansa ya jawo wa kansa sunan marowaci. Ma'auninsu mililita 568 yake ci. To, mai karatu ya yi lissafi: mutum shida a teburi ɗaya na nufin kofi shida ga kowannensu, fiye da lita 3 ke nan, ko da mutum ya fito gida da niyyar shan ɗaya. A Japan kuwa ladabi shi ne mutum ba ya zuba wa kansa. Ƙarami ke zuba wa babba, yana riƙe da kwalba da hannu biyu, kuma barin kofin maigida wayam gazawa ce ga na ƙasa da shi. Wanda aka zuba wa shi ma ya rama. A Koriya ta Kudu ana karɓar kofi daga babba da hannu biyu, a kau da kai gefe a sha, kuma mayar da hannun babba abu ne mai nauyi a wurin ƙaramin ma'aikaci. Matsin ya kai har mutanen Japan da kansu suka ƙirƙiri kalma ta musamman da suke kiran tilasta wa mutum sha da ita, suna lissafa shi cikin nau'o'in cin zarafi a wurin aiki.

Idan muka jera waɗannan al'adu za mu ga cewa, duk da nisan da ke tsakanin Kolon da Tokyo, aiki biyu suke yi. Na farko, suna hana kofi zama wayam. Na biyu, suna mayar da cewa a'a abin kunya. Mai sha ya zo da ƙishirwar kofi ɗaya, amma na biyu da na uku da na huɗu hannun wani ne ke kawo su, kuma yana kawo su cikin fara'a da girmamawa ta yadda ƙin karɓa zai zama kamar cin fuska. Ashe ke nan mai zubawa ba ɗan kallo ba ne. Shi ne igiyar da ke ɗaure mai sha a kujerarsa, kuma gwargwadon iya ladabinsa gwargwadon ƙarfin ɗaurin.

Kada wani ya zaci mu kaɗai muka ga haka saboda muna kallo daga waje. Masu al'adar sun riga mu gani. A shekarar 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Birtaniya ta lura maye yana kashe aiki a masana'antun makamai da wuraren ƙera jiragen ruwa. Cikin matakan da ta ɗauka har da dokar hana wani ya saya wa wani giya, ko da abokinsa ne ko matarsa, kuma hukuncin karya ta yakan kai ɗaurin wata 6. Ba ta hana mutum ya saya wa kansa ba. Karimcin ta hana, domin ta gane cewa a nan yawan shan yake tsirowa. An janye dokar bayan yaƙi, amma fahimtar ba ta gushe ba. Dokar lasisin sayar da barasa ta Ingila ta 2003 ta mayar da shi laifi mutum ya sayar wa wanda ya san ya riga ya bugu. A mafi yawan jihohin Amurka kuma, idan mashaya ta ci gaba da zuba wa wanda maye ya bayyana a kansa, ya fita ya kaɗe wani da mota, ana iya gurfanar da mashayar a nemi diyya. Waɗannan dokoki na mutanen da suka halatta wa kansu giya ne, amma ga shi sun kasa wanke hannun mai zubawa.

Abin da ake zubawar kuma ba a ɓoye yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ce a shekarar 2019 kaɗai barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, miliyan 2 daga cikinsu maza, kuma mutum kimanin miliyan 400 ne ke fama da larurar da shan ta ya jawo. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta hukumar ta sanya barasa a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A farkon 2023 kuma ofishin hukumar na Turai ya bayyana cewa babu wani gwargwado na sha da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Kumfa mai kaurin yatsu biyu ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma.

Mu kuwa Musulmi, ba mu jira rahoton kowa ba kafin mu san matsayin mai zubawa, domin labarin haramcin giya a wurinmu da mai zubawa ya fara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a ranar da haramcin ya sauka, wasu daga cikin manyan sahabbai suna zaune a gidan Abu Ɗalha (R.A.) a Madina suna shan abin da ake jiƙawa da dabino, kuma wanda ke tsaye a kansu yana zuba musu shi ne ƙaramin cikinsu, Anas ɗan Malik (R.A.), ɗan matar maigidan. Yaro ne mai ladabi yana yi wa manyansa hidima bisa al'adar garinsu, daidai da yadda ƙaramin ma'aikaci ke yi a Tokyo. Sai aka ji mai shela. Aka aike shi ya jiyo, ya dawo da labari. Babu wanda ya ce a bari a ƙarasa abin da ke cikin ƙwarya, babu wanda ya nemi a sake bincike. Abu Ɗalha ya umarce shi ya zubar, shi kuma ya ɗauki turmin dutse ya farfasa tulunan, har giya ta kwarara a lungunan Madina. Hannun da ke zubawa a kofi shi ne ya zubar a ƙasa.

Kuma wannan Anas ɗin ne Tirmizi da Ibn Maja suka ruwaito hadisin nan ta hanyarsa, wanda a cikinsa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mutum goma a kan giya. Cikinsu akwai mai haɗa ta da wanda ya sa a haɗa masa, akwai ɗan dako da wanda aka kai wa, akwai ɓangarori na ciniki tun daga mai sayarwa da mai saye har zuwa wanda aka saya dominsa da mai cin kuɗin, akwai mai sha, akwai kuma mai shayarwa. Mai karatu ya lura: mai sha ɗaya ne tak cikin goma. Sauran taran ba a sharɗanta sai sun kurɓa ba. Wannan kuwa ya dace da yadda hukuncin ya zo a Alƙur'ani Mai girma. Bayan aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta auna zunubinta da amfaninta, aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta raba maye da salla, sai aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta zo da umarnin nisanta, wanda ya fi hana sha faɗi. Wanda ke tsaye da kwalba a hannu yana karkata tambulan, ta yaya za a ce ya nisanta?

Muna jin uzurori uku suna yawo a bakin mutane, kuma ya kamata a amsa su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da tsawa ba.

Na farko, wai giyar kwalba ba ita ce khamru ba, tunda ba da inabi ake yin ta ba, kuma sinadarin maye a cikinta bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari ba. An riga an yi wannan tambaya tun a zamanin Annabi (S.A.W.). Lokacin da aka aiki Abu Musa al-Ash'ari (R.A.) zuwa Yaman, ya yi tambaya a kan abin sha iri biyu na mutanen ƙasar, ɗaya na zuma, ɗaya kuma na sha'ir ko dawa, wato dangin giyar kwalba da burukutu ke nan. Amsar da aka ba shi ta rataya hukuncin a kan sa maye, ko da me aka yi abin. Sayyidina Umar (R.A.) ma ya lissafa alkama da sha'ir a kan mumbari cikin abubuwan da ake yin khamru da su. Ƙa'idar da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito kuma sananniya ce, cewa ana duba abin da mai yawansa ke yi ne, sannan a hukunta kaɗan ɗinsa da shi.

Na biyu, wai wanda ake zuba wa ba Musulmi ba ne. Hadisin goman nan bai keɓe addinin mai sha ba, domin magana yake yi a kan aikin hannun Musulmi. Mazhabar Imam Malik, wadda a kanta mafi yawan mutanen ƙasashenmu suka tashi, ba ta halatta Musulmi ya yi ijarar kansa don ɗaukar giya zuwa ga mai sha ba, haka ma Imam Shafi'i. Gaskiya ne an ruwaito Imam Abu Hanifa ya sassauta wa ɗan dakon da ya ɗaukar wa wanda ba Musulmi ba, domin a ganinsa dako aiki ne da ba lalle ya ƙare da sha ba, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, sun saɓa masa. Ko da wannan sassauci, ina hujjar take ga mai zubawa? Tambulan da aka cika aka ajiye a gaban mutum ba shi da wata makoma sai baki.

Na uku, wai lalura ce. Wannan shi ne mafi nauyi cikin ukun, kuma ba mu ɗauke shi da wasa ba, domin mun san halin da ake ciki. Sai dai mu tuna cewa Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da giyar da wasu marayu da ke hannunsa suka gada, wadda dukiya ce a wancan lokaci, aka umarce shi ya zubar, ko mayar da ita ruwan tsami ba a yarda ya yi ba. Lalurar da shari'a ta sani ita ce ta tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ana kuma auna ta da gwargwadonta. Wanda ya tabbata ba shi da abin da zai ba iyalinsa gobe idan ya ajiye aiki yau, ya je ya zauna da malami mai tsoron Allah wanda ya san halin zamani, ya shimfiɗa masa lamarinsa dalla-dalla. Amma ko an yi masa rangwame na ɗan lokaci, rangwamen mai neman ƙofar fita ne. Bai zama izinin shimfiɗa tabarma a zauna ba.

To, ya 'yan'uwa, idan muka rufe magana a nan mun zalunci waɗannan matasa, mun kuma yaudari kanmu. Malamai sun bambance tsakanin la'antar aiki a dunƙule da nuna wani mutum da yatsa a ce shi la'ananne ne. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa ana yi masa haddi a kan shan giya, wata rana wani ya tsine masa, sai Annabi (S.A.W.) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Idan wannan shi ne matsayin mai sha, ina ga yaron da bai sha ba, wanda zuciyarsa ta hana shi barci har ya ɗauki alƙalami ya rubuto tambaya? Wannan tambayar alamar rai ce, kuma wajibinmu ne kada mu kashe ta da gori.

Haka nan fasa kwalabe kaɗai ba ya warware wannan matsala. Hukumar Hisba ta Kano ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a a 2013, a 2020 kuma ta lalata kusan miliyan 2. Wannan aikin hukuma ne bisa dokar jiharta. Amma yaronmu da ke Legas ko Miyunik wannan doka ba ta kai gare shi, abin da ke zuciyarsa kaɗai ke tafiya da shi. Amurka ta haramta sayar da barasa da ƙarfin doka daga 1920 zuwa 1933, daga ƙarshe ta janye, domin doka ta riga zukata isa wurin. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta bayyana cewa da hanin giya ne ya fara sauka kafin imani ya zauna, da mutane sun ƙi bari. Muna kuma faɗa a sarari cewa ba mu kiran kowa ya ɗauki doka a hannunsa. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suna da haƙƙin maƙwabtaka a kanmu. Maganarmu a yau a kan hannun Musulmi ce, da abin da yake miƙawa.

Saboda haka muke kira ga ɓangarori huɗu.

Ga matashin da ke neman aiki: tun ran gini, ran zane. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka kafin ka sa hannu a takarda ka tambayi abin da aikin ya ƙunsa, ka kuma faɗi iyakarka cikin ladabi. Otal ba mashaya ce kaɗai ba. Akwai sashen tarbar baƙi, da gyaran ɗakuna, da wanki da guga, da lissafi, da gyaran wuta da famfo. Idan ka riga ka shiga, nemi a sauya maka sashe, ko ka yi musaya da abokin aikin da abin bai dame shi ba, kai kuma ka ɗauke masa wani nauyin ba tare da ƙunƙuni ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin addini, don haka ba alfarma kake roƙo a ɓoye ba. Amma ka zama wanda ya fi kowa zuwa da wuri da riƙon amana, domin maigida ya fi sauraron ma'aikacin da ba ya son rasawa.

Akwai waɗanda suka riga ka bin wannan hanya. A 2022, lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bayern Munich ta ɗauki hoton talla na wani kamfanin giya, 'yan wasa sun ɗaga kofuna, amma Sadio Mane na Senegal da Noussair Mazraoui na Maroko sun zauna cikin abokansu suna murmushi, hannuwansu wayam. Ba su zagi kowa ba, ba su kuma riƙe kofin ba. A 2015 wata kotun tarayya a jihar Ilinoyi ta Amurka ta sa a biya wasu direbobi biyu Musulmi 'yan asalin Somaliya dala 240,000, bayan wani kamfanin sufuri ya kore su a 2009 saboda sun ƙi ɗaukar barasa, alhali ana iya musanya musu kaya. Sai dai ba za mu ɓoye maka ba, ba kullum ake cin nasara ba. A 2007 hukumar filin jirgin saman Miniyapolis ta yanke cewa direban tasi da ya ƙi ɗaukar fasinja mai ɗauke da barasa za a dakatar da shi kwana 30, in ya sake a ƙwace lasisinsa shekara 2. Tsayuwa a kan addini tana da farashi, kuma wanda ya biya shi don Allah bai yi asara ba.

Ga attajiranmu: ba daidai ba ne mu ce wa yaro ya bar aiki sannan mu juya masa baya. Matashin da ya koyi tarbar baƙi da tsafta da tsarin teburi ya koyi sana'a mai daraja. Makka da Madina cike suke da manyan otal-otal da ba a zuba ko ɗigo a cikinsu, kuma ba su rufe don rashin ciniki ba. Me ya hana masu hali a cikinmu su gina irinsu a Abuja da Legas, su ɗauki waɗannan yara? Wanda bai kai nan ba, ya ware wani abu daga zakkarsa ko sadakarsa ya zama jari ga wanda ya ajiye aiki saboda Allah, ko da teburin shayi ne ko shagon abinci.

Ga malamanmu: babin ijara da ciniki yana nan a littattafan fiƙihu da muke karantarwa, amma sau da yawa yaro yakan gama makarantar Islamiyya bai taɓa jin yadda zai auna takardar ɗaukar aiki da shi ba. A karantar da wannan kafin su tafi. Idan kuma sun dawo da tambaya, a zaunar da su a saurare su.

Ga iyaye da manyan gari: mu daina tambayar nawa ne albashi kaɗai, mu riƙa tambayar mene ne aikin. Kuma akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Wasu daga cikin masu faɗa a ji a cikinmu, idan suka aurar da 'ya ko suka samu ƙarin girma, sukan kama zaure a otal su sa a keɓe wani lungu wai don baƙi na musamman. Su ba sa sha, amma su ke biya, kuma ɗan wani talaka Musulmi ke zubawa. Su koma su duba jerin goman nan, za su tarar da sunansu fiye da sau ɗaya. An kuma ruwaito hani ga mai imani ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, kuma Hausawa ma sun san abin da zama da maɗaukin kanwa ke kawowa.

A ƙarshe, kada wani ya zaci barin waɗancan ladubba zai bar mu ba ladabi. Anas ɗin nan da ya fasa tuluna bai daina hidima ba. Shekara 10 ya yi yana yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima, kuma shi ne ya ruwaito mana ranar da aka tatso madara a gidansu aka gauraya da ruwan rijiya aka miƙa wa Annabi, Abubakar (R.A.) yana hagunsa, wani baƙauye yana damansa, da ya sha sai ya miƙa wa baƙauyen, ya koyar da cewa dama ake bi ko wane ne a wurin. Daga Abu Ƙatada (R.A.) kuma muka koyi cewa mai rabon abin sha yakan jinkirta nasa sai kowa ya samu. Muna farawa da sunan Allah, muna miƙawa da dama, ba ma numfashi a cikin ƙwarya. A gidajenmu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai an ba shi ruwa, sannan fura ko kunu ko shayi su biyo baya, kuma ya tashi da hankalinsa kamar yadda ya zo da shi. Tsaftar tambulan da sakin fuska da zuwa ta dama da aka rubuta a waccan takarda, duk namu ne tun asali. Matasanmu su riƙe su, su ƙware a kansu fiye da kowa, su zuba halal a ciki.

Allah Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin arziki na halal, Ya fitar da wanda ya shiga ƙunci, Ya shiryi wanda aka jarraba da sha, Ya ba mu ikon taimakon juna a kan alheri.